Na'ura ta rubuta, amma wa ya duba?

Garin Jos ba baƙo ba ne a harkar kwamfuta. A 1999 wani ma'aikacin Jami'ar Iowa ta Amurka mai suna Cliff Missen ya zo aiki Jami'ar Jos, ya ga yadda intanet ke rarrafe a harabar, kuma daga wannan zama nasa ne shirin eGranary ya samo asali, shirin da ke ɗura tarin takardun karatu a faifai a kai wa makarantun da layi bai isa gare su ba. A 2015 David Daser ya buɗe cibiyar nHub, inda matasan Filato da yawa suka fara koyon rubuta manhaja, daga baya gwamnatin jiha ta ba shi shugabancin hukumarta ta fasahar sadarwa, PICTDA. A ƙarshen 2023 kuma sai ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai burin horar da mutum miliyan uku a faɗin ƙasa. Irin waɗannan shirye-shiryen horo an gina su ne a kan fahimta guda, cewa rubuta manhaja aiki ne mai cin rai, sai wanda ya yi watanni yana fama zai iya haɗa abin da zai motsa. Wannan fahimta ta fara tsufa tun da GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a Nuwamban 2022. Yau yaron da ke da waya da 'yar data zai gaya wa ƙirƙirarriyar basira abin da yake so da Turancinsa na yau da kullum, kafin shayinsa ya huce ta zubo masa shafin intanet mai kyan gani. Ba na cikin masu ganin wannan masifa ce. Abin da nake cewa shi ne na'ura ta karya farashin rubutu, amma dubawa tana nan da tsadarta, kuma a kasuwa irin ta Jos, inda mai sayen manhaja ba ya iya karanta abin da aka sayar masa, dubawar ce abu na farko da ake tsallakewa.

Sai an ɗan san yadda abin ke aiki kafin a gane inda gizo ke saƙa. Kowace manhaja, daga ta banki har ta wasan yara, jerin umarni ce da aka rubuta wa kwamfuta cikin wani yare nata, kamar Python ko JavaScript ko Java. Masu sana'ar suna kiran wannan rubutu kod. Na'urorin da ke rubuta kod an ciyar da su ne da abin da mutane suka riga suka rubuta suka ajiye a fili, musamman a rumbun GitHub: aikin ƙwararru da na ɗalibai, sabo da wanda ya shekara goma sha biyar, mai kyau da wanda aka yi cikin gaggawa aka manta da shi. Daga wannan tari na'urar ta koyi abin da ya saba bin bayan wani, in an tambaye ta sai ta kawo abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa mai kama da amsar shi ne amsar, shi ya sa take burge mutane. Sai dai kowace manhaja tambaya biyu ke gabanta. Ta farko, tana yin abin da aka ce ta yi? Ta biyu, tana ƙin abin da bai kamata ba idan mai mugun nufi ya matsa mata? Amsar ta farko ana ganinta a allo ranar miƙa aiki, a yaba, a biya. Amsar ta biyu ba ta fitowa a allo ko kaɗan, domin ranar gwaji babu wanda ya zo da niyyar sata.

A ɗauka wata makarantar kuɗi ce a Bukuru ko Unguwar Rogo take son shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu, su kuma biya kuɗin zango. Mai makaranta ya kira wani matashi, matashin ya tambayi na'ura, cikin mako guda shafi ya tashi. Uba ya shiga da lambar ɗansa ya ga sakamako, komai lafiya lau. Amma a saman allo, a layin adireshi, lambar ɗalibin tana nan a rubuce, a ce 214. Idan mutum ya goge ya sa 215, takardar wani yaro ce za ta buɗe, da hotonsa, da sunan mahaifinsa, da lambar waya, da kwatancen gidansu, muddin ba a rubuta layukan da ke tambaya ko mai neman yana da iznin gani ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne kuma ba baƙo ba ne. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan kafofin kutse guda goma, rashin kula da izni ta sa a lamba ta ɗaya a jerinta na 2021. Ɓangaren kuɗi ma haka yake. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack suna ba mai shafi mabuɗi biyu, na fili da na sirri, suna kuma gargaɗin kada na sirrin ya bar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar. In aka dasa shi cikin shafin da ke sauka a wayar kowa, duk wanda ya san inda zai leƙa ya gan shi. In kuma shafin ya yarda da saƙon cewa an biya daga wayar mai biya, bai koma ya tabbatar daga kamfanin ba, wani zai biya naira ɗari a rubuta masa ya biya dubu ɗari. Na'ura ta san duk waɗannan ƙa'idoji idan an tambaye ta. Wanda bai san da su ba ba zai tambaya ba, ita kuwa ba kullum take kawo su don kanta ba.

Masu bincike sun auna abin. A 2021 Hammond Pearce da abokan aikinsa na Jami'ar New York suka gwada Copilot a yanayi 89 da aka san masu rubuta kod na yawan tuntuɓe a cikinsu. Ya samar da shirye-shirye 1,689, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna da kafar da mai kutse zai iya bi. Mutum zai ce wannan tsohon labari ne, na'urorin sun yi nisa tun daga nan, kuma gaskiya sun yi. Amma a 2025 kamfanin Veracode ya gwada na'urori sama da 100 a kan ayyuka 80, ya tarar a kashi 45 cikin ɗari na lokutan sun zaɓi hanyar da ba ta da tsaro, a yaren Java ma abin ya haura kashi 70. Ya kamata a tuna cewa Veracode kayan binciken tsaro yake sayarwa, don haka ba ya rasa amfani a irin wannan sakamako. Duk da haka akwai abu guda a rahoton da ya fi adadin muhimmanci: sababbin na'urori sun fi tsofaffi iya rubuta kod da ke tashi ya yi aiki, amma a ɓangaren tsaro kusan suna nan inda suke. Wato ci gaban da aka samu a tambaya ta farko ne, wadda dama ita ake gani a allo.

Abin da ya fi damuna bai shafi na'urar ba, mutumin da ke zaune gabanta ya shafa. A 2022 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Dan Boneh, suka ba mutum 47 ayyukan rubuta kod, wasu da taimakon na'ura wasu babu. Waɗanda suka samu taimakon sun fi rubuta kod mai rauni, kuma su ne suka fi amanna cewa abin da suka rubuta ba shi da matsala. A Yulin 2025 ƙungiyar METR ta fitar da wani gwaji da ƙwararru 16 a kan ayyuka 246 cikin manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu: da na'ura, aikin ya ƙara cin kashi 19 cikin ɗari na lokaci, amma su a ransu sun ɗauka ta rage musu kusan kashi 20. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kayan aikin kuma na farkon 2025 ne, saboda haka ba hujja ba ce cewa na'ura na ɓata lokaci a ko'ina. Abin da gwaje-gwajen biyu suka haɗu a kai shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ke ji da abin da ya faru. Kod ɗin na'ura yana zuwa a tsare, da bayani mai daɗin karatu, babu alamar shakka a muryarsa, sai ido ya wuce. Kuskuren ɗalibi yakan zo a hargitse, hargitsin ke sa malami ya tsaya. A binciken da dandalin masu rubuta kod na Stack Overflow ya yi a 2025, kashi 66 cikin ɗari na masu sana'ar sun ce babban abin da ke ɓata musu rai shi ne amsar da ta kusa zama daidai amma ba ta kai ba. Su da suka iya sun lura. Wanda ya fara koyo bara fa?

Akwai kuma wani nau'in haɗari da babu shi kafin zuwan waɗannan na'urori. Babu mai rubuta manhaja daga tushe. Kowa yana ɗauko ƙunshe-ƙunshen kod da wasu suka rubuta, daga rumbuna irin su PyPI da npm, ta hanyar kiran sunansu. Na'ura takan ƙirƙiri sunan ƙunshin da babu shi a duniya, ta ce a sauke shi. Wani bincike da Jami'ar Texas ta San Antonio ta jagoranta, wanda aka gabatar a taron tsaro na USENIX a 2025, ya duba samfurin kod 576,000 daga na'urori 16, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar na sunayen ƙunshin da suka bayar na bogi ne, sunaye daban-daban sama da 205,000. Na'urorin kasuwanci sun fi dama-dama, kusan kashi 5 cikin ɗari, waɗanda aka saki a buɗe kowa ya sauke kuwa sun haura kashi 20. Abin da ɓarawo zai yi a fili yake: ya lura da sunan da na'ura ke yawan maimaitawa, ya yi rajistar ƙunshi da wannan suna, ya zuba guba a ciki, ya jira. Bar Lanyado na kamfanin Lasso Security ya gwada haka da ƙunshin da babu komai a cikinsa mai suna huggingface-cli, cikin wata uku aka sauke shi sama da sau 30,000, har umarnin sauke shi ya shiga wani aiki na kamfanin Alibaba. 

A Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ya bayyana wani salon aiki inda mutum ke karɓar duk abin da na'ura ta rubuta ba tare da ya karanta ba, in ya ga saƙon kuskure ya mayar mata ta gyara. Shi da bakinsa ya ce wannan ya dace da ayyukan wasa na ƙarshen mako ne, amma duniya ta ɗauki salon ta bar gargaɗin. Cikin 'yan watanni aka duba manhajoji 1,645 da aka gina da Lovable, wani kamfanin Sweden da ke haɗa wa mutane manhaja daga magana kawai, aka tarar 170 daga ciki suna barin kowa ya ɗebi sunaye da adireshin imel da bayanan kuɗi na masu amfani da su, saboda ba a saita izni a rumbun bayanai ba. Irin kuskuren makarantar Bukuru ke nan. A Yulin shekarar kuma na'urar kamfanin Replit ta goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa mai suna Jason Lemkin, mai ɗauke da bayanan manyan jami'ai sama da 1,200, alhali ya umarce ta kada ta taɓa komai. Ta kuma ce masa ba za a iya dawo da su ba, daga baya ya gano ana iya. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya nemi afuwa a bainar jama'a. Ga Lemkin abin ya zama gobarar Titi a Jos, bayanansa sun dawo, sunansa ya ƙara fita. Ƙaramin asibiti a Farin Gada da ba shi da kwafin ajiya ba shugaban wani kamfani na Amurka da zai kira shi.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce mutane ma suna kuskure, kuma ba ƙarya aka yi ba. Kafar Heartbleed da aka gano a 2014 cikin manhajar tsaro ta OpenSSL hannun mutum ne ya rubuta ta, ta kuma yi kusan shekara biyu ba a gan ta ba. Gyaran da kamfanin CrowdStrike ya tura ranar 19 ga Yulin 2024 ya kwantar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jirage suka kasa tashi. A nan gida, a Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar manhaja ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da suka sake zana jarrabawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka ɗora wa ƙirƙirarriyar basira. Amma wannan hujja in an bi ta ƙarshe, gefena take faɗawa. Idan hukumomi da kamfanonin da ke da injiniyoyi da matakan gwaji suna iya faɗawa rami haka, to yaya lamarin zai kasance idan yawan kod ya ninka, masu dubawa kuwa ba su ƙaru ba? Akwai kuma bambanci guda. Mutumin da ya rubuta kod da hannunsa, ko da kuskure a ciki, ya san abin da ya nufa a kowane layi, ranar da abu ya lalace ya san inda zai fara tono. Wanda ya karɓi layi dubu biyar bai karanta ba, ranar da iyaye suka cika ofishin mai makaranta, abin da kawai ya rage masa shi ne ya koma ya roƙi na'urar da ta yi ɓarnar. Sannan kurakuran mutane sun bambanta, kowa da nasa. Na'ura guda kuwa kuskure iri ɗaya take raba wa dubban mutane, mai kutsen da ya gane shi a wuri ɗaya ya samu hanyar shiga wurare da yawa.

Wasu kuma za su ce ai Google ma haka yake yi. A Oktoban 2024 shugabansa Sundar Pichai ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod a kamfanin na'ura ce ke samar da shi. Rabin maganar ake yawan ɗauka; a cikin jimlar ya ƙara da cewa injiniyoyi ne ke dubawa su amince. Haka nan gaskiya ne na'ura tana iya farautar kurakurai: a Nuwamban 2024 Google ya sanar cewa shirinsa na Big Sleep ya gano wata kafa a manhajar rumbun bayanai ta SQLite kafin ta kai hannun jama'a. Matashin Jos da ya ce wa na'ura ta sake duba abin da ta rubuta da idon mai kutse ya yi abin kirki, zai kuma kama wasu kurakuran, ya kamata ya mayar da haka al'ada. Sai dai na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Ba ta san cewa akawu ne kaɗai ya kamata ya ga wanda bai biya ba, ko cewa malamin aji zai iya sa maki amma ba zai iya canja shi bayan shugaban makaranta ya sa hannu ba. Waɗannan dokoki a kan mutane suke, kuma mafi yawan ɓarakar da ke cutar da ƙananan wurare daga nan take fitowa.

Ba ta kuma san ƙasarmu sosai ba, domin yawancin kod ɗin da ta koya daga gare shi an rubuta shi ne a wuraren da layi ba ya yankewa. A ce ƙungiyar manoman dankalin Turawa a Bokkos ko 'yan gwari a kasuwar Farin Gada sun sa an yi musu manhajar tara kuɗi. Mutum ya danna biya, layi ya tsaya, ya sake dannawa. In ba a tanadi wannan ba, sau biyu za a cire masa, ko a cire sau ɗaya a kasa rubutawa. Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa, in aka ajiye ta a matsayin adadi sai sifilin ya ɓace. Paystack da kwabo yake lissafi, wanda ya manta ya ninka da ɗari zai karɓi naira 500 a maimakon 50,000. Sai kuma sunayenmu. Ɗanladi da Ƙasimu sukan koma alamar tambaya a takarda in ba a saita haruffa daidai ba, wannan dai abin haushi ne kawai. Na Mu'azu da Sa'adatu da Isma'ila ya fi haka nauyi. Waƙafin saman da ke tsakiyar waɗannan sunaye shi ne alamar da yaren SQL, wanda rumbunan bayanai ke ji, ke amfani da ita wajen rufe magana. In aka manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarni, rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a "Mu", saura kuma umarni ne. Shafin da ya shaƙe da sunan Mu'azu yana shaida wa duk mai ido cewa za a iya cusa masa umarni ta akwatin suna, dabarar da aka sani tun 1998. Na'urorin yanzu galibi suna kauce wa wannan, amma ba kullum ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Filato sun san irin wannan lissafi tun kafin kwamfuta. Daga farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka haƙi kuza a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, kuza ta hau jirgin ƙasa da na ruwa ta tafi Ingila, riba ta shiga littafi a shekarar da aka haƙa. Ramukan suka zauna, suka cika da ruwa, har yau suna cin gonaki suna cin rayuka, masu biyan bashin kuwa ba su ne suka ci ribar ba. A manhajar da ba a duba ba, mai haɗawa ya samu sauri, mai saye ya samu araha, kamfanin na'ura ya samu kuɗin wata, ya kuma rubuta a ƙasan shafinsa cewa na'urar tana iya kuskure. Wanda ramin ke jira shi ne mahaifin da ya cika fom. A Jos kuwa wannan ya wuce maganar damfara. Fom ɗin makaranta da na asibiti sukan tambayi addini da ƙabila da ƙaramar hukuma da unguwa. Garin da ya ga rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da jerin sunaye mai ɗauke da addini da kwatancen gida ke nufi in ya faɗa hannun da bai dace ba.

Doka ta riga ta faɗi wanda za a kama. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora nauyi a kan wanda ya tattara bayanan ya kuma yanke abin da za a yi da su, wato makarantar ko asibitin, ta kuma ware addini da ƙabila da lafiyar jiki a matsayin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. In an samu ɓaraka mai iya cutar da mutane, sa'a 72 ake da ita a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. Tarar ƙananan wurare tana iya kaiwa naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar ta nuna tana cizo: ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024, ta ci ta MultiChoice sama da miliyan 766 a 2025. Ba na zaton gobe za ta bi makarantun Unguwar Rogo ɗaya bayan ɗaya. Amma babu inda dokar ta ce wanda na'ura ta rubuta wa manhaja an ɗauke masa alhaki.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na masu cewa wannan duk maganar manya ce, so ake a rufe wa yaran talakawa ƙofar da ta buɗe. Matashin da a da sai ya je Legas ko Abuja kafin ya samu mai koya masa, yau yana da malami a aljihu, mai haƙuri, da ba ya gajiya da tambaya. Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya ce a hana bai san halin da ake ciki ba. Amsata ita ce a canja abin da ake koyarwa. Idan rubutu ya yi araha, abin da zai bambanta mai sana'a da mai kwafa shi ne iya karatu: ya ɗauki kod ɗin da ba shi ya rubuta ba, ya bi shi layi layi, ya ce nan ne zai karye. Wannan ba ya samuwa sai mutum ya taɓa fama da hannunsa, shi ya sa ɗalibin da ya bar wa na'ura aikin gida tun shekarar farko yake yanke reshen da zai hau. Jami'ar Jos da Jami'ar Jihar Filato a Bokkos da kwalejin fasaha ta Barkin Ladi da cibiyoyi irin su nHub za su fi amfanar ɗalibansu idan jarrabawa ta zama a ba yaro manhaja mai aiki a ce ya fasa ta, sannan ya tsaya gaban aji ya bayyana kowane layi da ya miƙa. PICTDA kuwa ya kamata ta tsaya kan cewa duk manhajar da za a yi wa ma'aikatar gwamnatin jiha sai wani da ba shi ya haɗa ta ba ya duba ya sa hannu kafin a biya kuɗin ƙarshe. Wannan kaɗai zai buɗe wa matasan garin sabuwar sana'a.

Shi ma mai saye ba a ɗaure hannunsa yake ba, ko da bai iya karanta layi ɗaya ba. Tambayarsa ko an yi amfani da na'ura ba ta da amfani, domin kusan kowa yana yi, wanda ya ce bai yi ba ma sai a yi shakka. Ya tambaya wa ya duba bayan mai haɗawa, ya nemi sunansa a rubuce cikin yarjejeniya, ya ware kuɗin wannan dubawa daban tun ranar ciniki, ya kuma riƙe wani kaso har sai manhajar ta yi zango guda tana aiki. Ranar miƙa aiki ya zauna da kansa ya canja lambar da ke layin adireshi, ya sa sunan Mu'azu a akwatin suna, ya danna biya sau biyu, ya ce a goge bayanan gwaji a dawo da su daga kwafin ajiya a gabansa. Matashin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, domin irin wannan ciniki ne ke raba shi da mai karya farashi. Daga nan sai mai makarantar ya ɗauki fom ɗinsa ya sake karantawa, ya tambayi kansa me zai yi da addinin uba da ƙabilarsa wajen fitar da sakamakon lissafi. Dokar 2023 ta ce a tattara abin da aikin ke buƙata kawai, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa.